Wutar Salifu Maƙeri

A Hawandawaki, bayan masallacin unguwar maƙera, akwai wata rumfa da hayaƙi ya baƙanta tun daga ginshiƙi har rufi. Nan Salifu Maƙeri yake wuni. Ya tsufa, hannunsa ya yi kanta, kuma wutar da ke cikin maƙerarsa ta girmi yawancin masu kawo masa gyaran hauya.

A shekarun babban fari ya bar gida yana saurayi, ya bi ayarin masu neman abinci zuwa kudu har Zariya. Da yake ɗan maƙera ne, ya san wuta, sai aka ɗauke shi a reluwe. Ya fara da kwasar toka, daga baya ya zama mai ba jirgi wuta a layin da ke zuwa Ƙaura Namoda, inda ake ɗauko gyaɗa da auduga da shanu.

In ka tambaye shi yadda jirgin yake, da hannu yake zana maka shi a iska. Doguwar tukunyar ƙarfe ce kwance bisa ƙafafu, cike da ruwa. A bayanta akwai ɗakin wuta, zafinsa yana bin ƙananan bututu ta cikin ruwan har ya tafasa. Tururin ne ke tura sandunan da suka haɗa ƙafafun, su juya tare kamar mata masu daka a turmi ɗaya. Akwai akwatin yashi a sama, don in dogo ya yi santsi a zuba masa. Direba na kallon hanya. Salifu na kallon gilashin ruwa da launin garwashi, da shebur a hannu.

Abu na farko da aka koya masa shi ne ba a barin wutar jirgi ta mutu. In tukunya ta huce da gaggawa, ƙarfenta na iya tsagewa. Idan jirgi ya kwana a tasha, sai a tara garwashin gefe guda, a rufe da ɗanyen kwal, a rage masa iska, ya yi barci har safe. In kuwa an kashe wutar wani jirgi don a wanke tukunyarsa, daga cikin ɗan'uwansa ake ɗebo garwashi a shebur a tashe shi.

Da injinan gas suka karɓe layin, shi aka sa ya zubar da wutar jirginsa ta ƙarshe. Ya tsaya har ƙarfen ya daina ƙara. Bai jima ba ya tattara kayansa ya dawo gida, ya buɗe maƙerar mahaifinsa, ya hura wuta. Tun ran nan ba ta mutu ba. Kowace magariba yana tara ta, ya rufe da gawayin ƙirya da toka, ya bar mata ƴar kafar numfashi. Da safe matan unguwa kan zo da kasko su ɗebi garwashi, duk da ashana da birike sun cika kanti.

Bara yanar ido ta kama shi. Ya koma gane zafin ƙarfe da kumatu, ya ƙone yatsa sau da yawa. Ƴarsa Sa'adatu, wadda ke aure a Tasawa, ta zo ta ce likitocin ido sun sauka a garin, kuma ba daɗewa za su yi ba.

"Baba, ka tashi mu tafi. Kwana kaɗan ne."

"Wutar fa?"

"Wuta ce za ta ja maka gora in ka makance?"

Ya juya ga wutarsa. Hawwa, matar marigayi yayansa, tana tsugune da kaskonta. Tun tana amarya suke wasa da shi.

"Tafi, mijina, a wanke maka idon nan," in ji ta. "Na gaji kana gaida turmi kana cewa ni ce."

"Turmin ya fi ki ladabi."

"Ka bar mini wutar. Tun kana yawon jirginka nake tuƙa tuwo, wa zai koya mini murhu?"

Ya nuna mata yadda ake tarawa da yadda ake rufewa. Tana ta cewa to, hankalinta na kan akuyarta da ta shiga gonar maƙwabci. Washegari aka ɗora shi a amalanken jaki zuwa bakin hanya.

Hawwa ta riƙe amana yadda ta sani. A wurinta wutar da ba ta ci, wuta ce mai shirin mutuwa. Da ta leƙa ta ga toka ba harshe, sai ta tone, ta zuba karan gero, ta hura har ta tashi da kyau. Haka ta yi ta yi safe da yamma. Kara ba ya barin garwashi. Rana ta uku ta tarar da toka mai sanyi.

Salifu ya dawo tare da Sa'adatu, ido ɗaya a buɗe tar, ɗayan sai wani zuwan. A hanya yana ta kiran sunayen itatuwa kamar mai gaida ƴan'uwa. Ko gida bai shiga ba ya wuce rumfa. Abin da ya fara gani sosai a garinsu shi ne farar tokar nan. Ya sa hannu cikinta har wuyan hannu, ya daɗe bai cire ba.

Hawwa ta tsaya a bakin rumfa, wannan karon ba wasa a bakinta.

"Na ba ta abinci, wallahi. Ci ta yi ta yi."

"Kara kika ba ta."

"Kara."

Sa'adatu ta ciro birike daga jakarta. Ya girgiza kai. Hawwa ta juya ta fita, jim kaɗan ta dawo da kasko, da busasshen kashin shanu a ciki yana hayaƙi a hankali, ja a tsakiyarsa.

"Wagga daga ina?" in ji shi.

"Taka ce. Ran da za ka tafi na ɗiba. Murhuna bai huce ba tun ran nan."

"Ba ki ƙyasta ashana ba?"

"Ni da ke da miji mai wuta, mi ya haɗa ni da ashana?"

Ya karɓi kaskon, ya kawo shi kusa da idon da aka gyara, ya juya shi.

"Haka muke yi a Zariya," ya ce. "Daga ɗan'uwa ake ɗebowa."

Ya share tokar, ya jera gawayi, ya juye garwashin a tsakiya. Sa'adatu ta zauna ga zugazugi, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya. Da gawayin ya kama, ya ce wa Hawwa ta matso ta ga yadda ake rufewa, kuma ta ɗaure akuyarta tukuna, don akwai sauran ido ɗaya.