Gwiwar Alhaji Sule ta samo mana mata

Jama'a, yau saura ƙiris gwiwa ta tona mana asiri a Maikunkele!

Mun je nema wa jikana aure, ni da aminina Alhaji Sule. Shi ne mai yi mini dariya kullum, wai ina tattaki da sassafe a Bosso kamar wanda aka kora daga gida. Shi kuwa ko gidan maƙwabci za shi sai ya tare keke napep.

Muka tsuguna muka gaida kawun yarinyar. Na miƙe tsaf. Alhaji yana ƙasa.

Kawu ya ce, "Alhaji, ga kujera."

Alhaji sai gumi. Ya ja mini riga, ya raɗa mini, "Mamman, ƙafa ta ƙi."

Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi ba zai tashi ba sai kun ba mu."

Kawu ya ce, "Kai, irin wannan ladabi! An ba ku."

Aka shafa fatiha. Alhaji yana nan dai a ƙasa. Ni tsohon da ake wa dariya, ni na cicciɓe shi kamar buhun masara.

A mota ya ce, "Gobe ka biyo mini mu je tattakin nan."

Na ce, "To, amma da ƙafa ake yi, Alhaji."