Takardar Ritayar Babana

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, ranar da na karanta wa mahaifina takardar ritayarsa ba za ta bi su ba.

Lokacin ina aji huɗu a sakandare, muna zaune a Ƙofar Dundaye. Baba masinja ne a wani ofishi, tun kafin a haife ni. Yana karanta Larabci kamar ruwa, amma bai yi boko ba, shi ya sa duk takardar da ta shigo gidan ni ake kira. Ni kuwa ina ji da kaina, musamman a makon, domin malamar Turanci ta koya mana cewa in aka liƙa “in” ko “un” a gaban kalma, ma'anarta tana juyewa: “correct” daidai, “incorrect” ba daidai ba.

Ran nan bayan la'asar Baba ya shigo da fara'a, ya miƙo mini ambulan ya ce shugaban ofishin ne ya ba shi da hannunsa. Na fara fassarawa tiryan-tiryan har na iso inda aka ce aikinsa “invaluable” ne. Na san “valuable” na nufin mai daraja. Na dubi “in” ɗin nan, na dakata da karatun.

“Ɗiyata, mi sunka ce?”

Na ce, “Baba, wai aikinka ba shi da daraja.”

Bai yi faɗa ba. Ya karɓi takardar ya ninke ta a hankali, ya roƙe ni kada in gaya wa mahaifiyata. Kwana uku abinci sai dai ya taɓa ya ture. Mutumin da kullum shi ke fara fita majalisar ƙofar gida, sai ya koma daga masallaci sai ɗaki. Abin da ya fi damuna har yau shi ne bai yi shakkar karatuna ba, kansa ya tuhuma.

Ran Litinin na kasa haƙuri, na rubuta kalmar a tafin hannuna na kai wa malamar. Da ta ji yadda na fassara, ta zaunar da ni. Ta ce ban yi kuskure a kan “in” ba, daga harshen Latin ya fito kuma korewa yake yi, sai dai ba darajar ya kore ba, iya auna ta ya kore. Ma'anar ita ce aikin ya wuce a kimanta shi. Ta ce da wuya a yabi ma'aikaci da kalmar da ta fi wannan.

Ban jira tashi ba, izini na nema na taho gida ina kuka. Na durƙusa gaban Baba na yi bayani. Ya sa na maimaita. Ya share idonsa da hannun riga, ya ce in tashi, ai ko a nahawun Larabci harafi guda yana kayar da manyan malamai. Daga nan ya ƙwala wa mahaifiyata kira, ya tambaya ko da sauran tuwo.

Tun ranar na gane rabin sani yana iya yi wa wanda ya yarda da kai rauni. Yanzu in aka ba ni abu in karanta, ba na jin kunyar cewa a dakata in tambaya.