Burji a Gonar Ma'azu

Idan damina ta sauka aka fara huɗa a gonakin Geza, balbela kan bi bayan garmar shanu suna tsintar tana. Kowace gona tana samun rabonta na fararen tsuntsayen nan, ban da guda ɗaya a bakin hanyar Matsinkai. Ita sai su ratsa ta samanta su wuce. 'Yan acaɓa da ke bin hanyar ba su taɓa lura ba. Abin da suke nuna wa fasinja shi ne ginshiƙan siminti biyu da ke tsaye ba ƙyaure, su ce, "Nan aka yi kokawar ƙasashe uku." Mai gonar, Ma'azu, ya lura tun daminar farko, amma bai faɗa wa kowa ba.

Ma'azu ya ba hamsin baya. Da ƙuruciya ya yi kokawa, har ya taɓa kayar da wani ƙato da ya zo daga tsallaken iyakar Benin. Gonar kuwa gado ce. Mahaifinsa ya shekara talatin yana sauke Fulani a cikinta bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, har ƙasar ta yi baƙi wuluk. A shekara mai kyau takan ba da dami tamanin na gero da dawa, gidan ya ci har wata kaka.

Shekara biyar ke nan da Alhaji Bunyaminu, shugaban kwamitin shirya gasa, ya yi sallama a ƙofar gidansa. Ya ce za a yi kokawa tsakanin zaratan Nijeriya da Nijar da Benin, kuma duk yankin Bagudo ba a ga fili shimfiɗaɗɗe kusa da hanya kamar gonarsa ba.

"Bayan kaka ne ai, gona na kwance," in ji Ma'azu. "Na ba ku aro."

Matarsa Hamdiyya ta ce daga bayan zana, "Malam, ba ka tambayi yadda za su gyara ta ba."

Ya yi dariya. Shi da ya girma a fagen kokawa, me za a gaya masa? A share kara, a zuba yashi, a kafa ganga. Ƙafar mutum ba ta kashe ƙasa.

Ya tafi ta'aziyya wani ƙauye ya kwana uku. Da ya dawo sai ya tarar gireda ta kankare baƙar ƙasar kaf, ta tura ta bakin kwazazzabo ta tara tsibi. Tifofi suna juye jan burji, wata mota mai nauyi tana bi tana daddannewa. Ya tsaya gaban direban gireda yana ɗaga hannu.

Direban ya leƙo. "Baba, matsa mana! Manyan baƙi za su zo da motoci, so kake su kafe?"

An yi gasar kwana biyar, kuma in za a faɗi gaskiya Ma'azu ya ji daɗinta. Tutoci uku suna kaɗawa, makaɗan Zabarmawa da na Dendi suna gasa da na gida, 'yan rediyo suna ta ihu. An kira sunansa a lasifika, aka ɗora masa sabuwar hula, aka zaunar da shi a layi na biyu. Aka yi alkawarin wurin zai zama filin wasa na dindindin, da rijiyar burtsatse, shi kuma a ba shi wata gona. Ran na shida aka kwance rumfuna aka loda a mota. Ruwan farko na damina ya kwashe tsibin baƙar ƙasar ya bi da shi kwazazzabo zuwa kogin Kwara.

Da Ma'azu ya je wurin Alhaji Bunyaminu, sai Alhaji ya ce masa kwamiti ya riga ya watse, shi ma yanzu mutum ne kamar kowa, sai haƙuri.

Ya yi shuka a hakan. Gero ya tsiro, ya kai tsawon taƙi, ya yi rawaya. Ruwa ba ya shiga burji, sai ya kwanta a kai ko ya gangare. Dami tara ya ɗaure a shekarar. Ya sayi diga ya shiga fasawa, rami bayan rami, yana ɗauko ƙasar juji a mangala bisa jaki yana cikawa. Shekara huɗu yana wannan aiki, abin da ya farfaɗo bai kai kwatan gonar ba, bayansa kuma ya fara rankwafawa. Rumbu kan ƙare tun kafin bazara.

Bana bayan girbi ya tafi ruga wurin Yero, makiyayin da mahaifinsa ya saba sauka gonarsu.

Yero ya dube shi sama da ƙasa. "Kai kaɗo, ka ba mutane gona sun mai da ita titi, yanzu shanuna kake so su yi maka aikin gayya? Mi za su ci, tsakuwa?"

"Harawar wakena duka taku ce. Wata ɗaya kawai, Yero. Albarkacin iyaye."

Yero ya daɗe yana kallon sandarsa. "Albarkacin iyaye," ya ce. "Amma in sun ƙi, ba ruwana."

Shanu arba'in suka shigo gonar. Ma'azu ya tsaya yana kallonsu kamar ranar da aka ɗora masa hula. Sai dai burjin da ya fasa ya bar tsakuwa mai kaifi ko'ina. Shanun suka ƙi kwanciya, suna ta cunkusuwa a ɗan gefen da ya farfaɗo, inda ba a bukatarsu. Ran na huɗu saniya biyu suna ɗingishi, kofaton ɗaya yana jini.

Da safe Yero ya same shi, wannan karon ba wasa a bakinsa. "Ma'azu, ka yafe mini. Su ma amana ce a hannuna." Ya mayar masa da sauran harawar, ya kora shanunsa arewa.

Hamdiyya ta kawo masa kunu ta zauna nesa kaɗan. Ta ce yayanta Maliki ya aiko daga tsallaken iyaka, ana neman masu tsinkar auduga, ana ba da abinci da wurin kwana.

"Ni da ban taɓa duƙawa a gonar wani ba?"

"Na sani, Malam. Na leƙa rumbu jiya."

Ya shanye kunun, ya tambaye ta wace rana motar kasuwa take tsallakawa. Ta ce jibi. Ya tashi ya ɗauko wani tsohon buhu da ɓera ya huda, ya nemo basilla da zare, ya zauna a inuwar zaure yana ɗinkewa.