Ƙahon da aka yi wa Malam Sale

Da safiyar ranar ina daka ne, maigidana Malam Sale tela yana ɗinki a zaure. Shekarar da aka fara Shari'a ce, ga wahalar man fetur.

Malam Sale jininsa ba ya tsayawa. Haka aka haife shi. Ko tsinken ɗinki ya soke shi, sai mu wuni muna sauya tsumma. Nakan ce masa ni ƙwai na aura. Wani likita a Kano ya samo mana allurar daskarar da jini, kwalba biyu, ya ce a ajiye a wuri mai sanyi, kuma sai ta jijiya ake yin ta. Na binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa.

Da hantsi muka ji harbi daga bakin kasuwar shanu. Sai ihu.

"Ɓarayi! Ku fita ta gona!"

Muka faɗa cikin dawa, ko takalmi babu. Wajen tsallake rafi Malam Sale ya faɗi a kan gwiwarsa. Kafin azahar gwiwar ta yi kamar ƙwarya. Wani mai jaki ya kai mu wani ƙauye a hanyar Kabo, wani dattijo ya sauke mu. Aka kwantar da shi a zaure, ni aka shige da ni wurin mata.

Na ce wa matan kada a taɓa shi, zan koma in ɗauko magani. Maza ba su ji wannan magana ba.

Na tarar da gari yana hayaƙi. Ba motsin kowa, sai kukan awaki. Rumfarmu ta ci wuta, amma randa tana nan. Na tono kwalaben, na naɗe su a jiƙaƙƙen zane. Har murna na yi, wallahi.

Bayan la'asar na dawo. Tun daga ƙofa na ga tabarmar da yake kwance a kai ta jiƙe da jini.

Dattijon, don tausayi, ya kira wanzami ya zuƙe mataccen jinin da ke gwiwar. Malam Sale ya ce a'a, ya yi ta cewa a'a. Suka ɗauka tsoron aska ne, suka riƙe shi. Tsaga ƙanana ne, irin da ake yi wa kowa.

An sa toka, an ɗaure da rawani, jini bai tsaya ba. Malamin asibitin ƙauyen da ya iya nemo jijiya ya gudu tun safe, da jin labarin ɓarayi. Direban ƙauyen ba shi da mai. Na zauna da kwalba biyu a cinyata ina kallon mijina yana yin fari. Wanzamin yana gefe yana kuka. Na so in tsine masa, na kasa.

Ana kiran magariba Malam Sale ya cika.

Da hukuma ta zo ƙidayar waɗanda aka kashe a garinmu, ba a sa Malam Sale ba. Sun ce shi ɓarayi ba su taɓa shi ba.