Alhaji Issifu Seini Mai Turare da Jarkar Zamzam

Haihuwa da karatu

An haifi Alhaji Issifu Seini a shekarar 1958 a Zongon Kumasi. Mahaifinsa, Malam Seini, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar ne, wanda fataucin goro ya kawo shi ƙasar Asante har ya zauna a Kumasi. Mahaifiyarsa, Mamuna, 'yar Yendi ce mai sayar da koko. Ya yi karatun allo har ya sauke a 1972, sannan ya karanta littattafan farko na tsarki da salla, a nan kuma karatunsa ya tsaya. Ya riƙe abin da ya sani riƙo mai tsanani, bai kuma yarda akwai sauran abin da bai sani ba, wannan hali ne ya raka shi har kabari.

Sana'a

A 1976 ya fara tallar ƙananan kwalaben turare a ƙofar masallaci ranar Juma'a, zuwa 1984 ya buɗe shago a unguwar Aboabo yana haɗa nasa. Mai haɗa turaren feshi ba ya rabuwa da sifirit, domin da shi ake sirka man turare. Sifirit kuwa iri biyu ne, dukkansu farare kamar ruwa, warinsu kusan ɗaya. Akwai etanol, wanda shi ne ke bugarwa a cikin giya. Akwai metanol, wanda da can daga itace ake tatso shi, yanzu kuma daga iskar gas, ana aikin fenti da gam da man goge katako da shi. Shi metanol guba ne: yana shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ta fata, jiki kuma ya mayar da shi wani sinadari mai cinye jijiyar ido.

A 1989 wani dillalin sinadarai a unguwar Adum ya gaya masa cewa etanol ɗin da yake saye shi ne dai abin da ke cikin akpeteshi, barasar da ake dafawa a ƙauyuka. A ranar ya tuntsurar da durom guda a kwata, ya wanke tufafinsa, ya yi rantsuwa ba zai sake shafa wa Musulmi najasa ba. Ya tambayi dillalin ko akwai sifirit ɗin da mashaya ba sa sha, aka nuna masa metanol, aka kuma gargaɗe shi da cewa ba na jikin mutum ba ne. Rabin farko na maganar kawai ya ji. Bai tambayi likita ba, bai tambayi malamin da ya fi shi sani ba. Ya raɗa wa hajarsa suna turaren salla, ta karɓu har unguwannin Bantama da Kwadaso. Dole kuma a faɗi gaskiya: metanol ya fi araha, amma bai taɓa ambaton wannan a wa'azin da yake yi wa masu saye ba.

Aure da iyali

Ya auri Hajiya Rashidatu a 1986, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Mutum ne mai ciyar da gidansa, mai tsare jam'i, maras raha. Ɗakin haɗin turare yana bayan shago, ya toshe tagarsa da kwali domin kada ƙamshi ya tsere, a ciki yake wuni. Matarsa ta sha ce masa, “Alhaji, ɗakin nan naka ko ƙadangare ya shiga sai ya yi tari.” Amsarsa ɗaya ce kullum: abin da ba haram ba ne ba ya cutar da mumini.

Hajji da raunin ido

Ya sauke farali a 2011, ya dawo da ruwan Zamzam a jarka. Da ruwan ya ƙare, ya ga bai dace a yar da jarkar ba, kuma bai dace a zuba mata abu maras tsarki ba, sai ya mayar da ita mazubin metanol. Daga nan duk alhajin da ya shanye nasa Zamzam ɗin, sai Alhaji Issifu ya roƙe shi jarkar. Ya riƙa ɗaura jan zare a hannun ta sifirit, baƙin zare a hannun ta ruwan sha. Tun daga 2016 ciwon kai ya kama shi, ganinsa ya fara dushewa, hancinsa ya daina rarrabe wari. Ya ce tsufa ne, ya ƙara kwalli.

Jinya da rasuwa

A azumin 2023, ranar Litinin 10 ga Afrilu, magariba ta riske shi a shago shi kaɗai. Ya miƙa hannu kan kanta inda jarkoki suke jere, idonsa bai raba ja da baƙi ba, ya kafa kai da ƙishirwar mai azumi. Sai da ya haɗiye ya ji maƙogwaronsa na ƙuna. Bai gaya wa kowa ba, domin kunyar a ce Alhaji Issifu ya sha sifirit, ya tafi asham abinsa. Washegari ya tashi garau, ya ɗauka ya tsira. Haka gubar nan take yaudara: tana yin shiru wuni guda ko fiye, alhali tana aiki.

Da yammacin Talata amai ya kama shi, ya ce yana ganin kamar ana watsa gari a gaban idonsa. Sai da Hajiya Rashidatu ta rantse ba za ta yi buɗa-baki ba sai ya faɗi abin da ya ci, sannan ya faɗa. A asibiti likita ya bayyana cewa abin da zai tare gubar a lokacin shi ne etanol, a ba shi da awo, a hannun likita, kafin a wanke jininsa. Alhaji ya janye hannunsa ya ce, “Likita, shekara talatin ban taɓa barasa da yatsa ba, yau ka zuba mini a jini, cikin Ramadan?” Matarsa ta durƙusa tana roƙo, ya juya mata baya. Aka aika Zongo neman limaminsu, Malam Abukari, wanda shi kaɗai yake jin maganarsa. Da liman ya iso, ya ce masa, “Issifu, larura ce, shari'a ta halatta. Wa ya gaya maka Allah yana son ka makance? Miƙa hannun.” Ya miƙa, amma ya miƙa ne wajen bango, domin ya daina ganin inda likita yake tsaye.

Lokaci ya riga ya ƙure: ya suma, bai farfaɗo ba. Ya rasu ranar Alhamis 13 ga Afrilu, 2023, yana da shekara sittin da biyar. Malam Abukari ya sallace shi, aka binne shi a maƙabartar Tafo bayan azahar. Allah ya gafarta masa. Niyyarsa tsarki ce, amma tsoron Allah ba tare da tambaya ba taurin kai ne, kuma mutane da yawa sun shafa sakamakonsa a wuyansu ranar Juma'a.

Ya bar matarsa, Hajiya Rashidatu, da 'ya'ya huɗu: Razak, direban babbar mota a Tema, Barkisu, mai ɗinki a Kwadaso, Salwa, da ke aure a Tamale, sai Fadil, wanda ya gaji shagon, ya kuma gaji rantsuwar. An yi masa magana, ya ce ba zai saɓa wa mahaifinsa ba. Har ranar da aka rubuta wannan tarihi, kwalin yana nan a taga, jarkokin suna nan a kan kanta, Fadil kuma ya fara ƙanƙance ido in zai ba da canji.