Ranar da Gwamnati Ta Ce Ardo Ya Rame

Na manta abubuwa da yawa na zamanin aikina, amma takardar allurar shanu tana nan daram a raina. Lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa, aka ɗauke ni gwajin wata uku ina buga tafireta a wani ofis a Kazaure. Abokin aikina Hausa kaɗai yake ji, kuskurensa bai wuce ya tsallake harafi ba. Ni kuwa Hausa a ofis, Fillanci a gida, har ina yi masa kallon mai ido ɗaya.

Saura mako guda gwajin ya ƙare, babban akawu ya ba ni sanarwa in buga wa ardo-ardon Roni da Gwiwa, su kawo shanu allura. Ina cikin bugawa sai ga goggota daga ruga. Ta zauna a bakin ƙofa ta buɗe mini wuta da Fillanci. Idona na kan takarda, kunnena na wajenta, ashe yatsuna sun bi kunne.

Babban akawu ba ya jin Fillanci. Ya ga baƙon layi a tsakiya, ya ɗauka sunan magani ne irin na likitoci, ya sa hannu. Aka rarraba, malaman dagatai suka karanta a bainar jama'a.

Ranar allura wani dattijon ardo ya durƙusa gaban babban akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji saƙo. Gwamnati ta ce mun rame kamar kara, yaushe za mu yi aure. Ramar gaskiya ce, amma ni matana huɗu, yaya zan yi?"

Wurin ya kece da dariya. Ni kuwa na ga aikina ya tafi. Babban akawu ya harare ni ya ce, "Kai, wa ya rame?"

Na ce, "Ni ne, Yallaɓai."

Abin da ya cece ni, ba a taɓa ganin shanu sun cika fili kamar ranar ba, don kowa ya zo ganin gwamnatin da ta damu da lafiyarsa. Aka tabbatar da ni, bisa sharaɗin duk abin da na buga in karanta da ƙarfi kafin a sa hannu.

Tun daga ranar na san mai harshe biyu mutum biyu ne a riga ɗaya. In za ka rubuta, duba wanne ne a cikinsu yake riƙe da hannunka.