Wardin da Na Bar wa Oga

Mijina direba ne, lodin Jos yake yi daga tashar Utako. Ranar da ya shigo mini da wani ɗan tsiro a baƙar leda maimakon dankalin da na ba shi sallahu, sai da na yi masa tatas. Ya bari na gama, sannan ya ce wardi ne, kuma mai aure ne kamar mangwaro. Ya nuna mini wani ƙulli a gindin karan. Daga nan zuwa sama shi ne mai fure da ƙamshi. Daga nan zuwa ƙasa kuwa na jeji ne, ƙarfin saiwarsa kawai ake so, in aka bar shi ya tsiro ba abin da zai bayar sai ƙaya.

Muka dasa shi a bakin tagar ɗakinmu na haya a Nyanya. Ni da na yi faɗa, ni na koma uwarsa. A unguwar da ruwa sai an kira mai garuwa, ko na girki ya ƙare sai na rage masa nasa. Ya yi reshe ya bazu har ya kai mini kafaɗa, yana fitar da furanni cunkus-cunkus, farare da ɗan ja-ja a baki. Ƙamshinsa kamar na almiski ne, da safe har ya danne warin kwatar layinmu.

Mai gidan, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da kowa ke kira Oga, bai taɓa son shukar nan ba. Yau ya ce tana tara sauro, gobe ya ce za ta kawo maciji. Sai da baƙinsa suka fara tsayawa suna yabawa, sannan ta zama fulawarsa, har hoto yake ɗauka a gabanta.

Da Allah ya yi wa mijina rasuwa, a gindin wardin nan na yi rabin takabata. Ina fita, Oga ya ce ɗansa zai yi aure, ɗakina yake so, amarya ta ga fulawar ta ƙyasa. Ban yi gardama ba, gidansa ne. Abu ɗaya na roƙa, ya bar ni in haƙe shukata in tafi da ita. Har ƙasa na durƙusa, na gaya masa abin da mijina ya bar mini ke nan.

“Madam, ba za ka cire shi ba,” in ji shi da gurguwar Hausarsa. “Ƙasa na ne. Kaya naka kawai za ka ɗauka.”

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a ranar ba, kuma ban nemi zuciyata ta huce ba.

Ana gobe zan tashi, da hantsi, na same shi a kujerarsa na ce zan yi wa shukar aski kamar yadda na saba duk farkon damina, don amarya ta same ta sabuwa fil. Ya ji daɗi, har wuƙarsa ya ara mini. Yana kallo na sare rassan ɗaya bayan ɗaya na ɗaure su a buhu, wai zan zubar. Sannan na sa wuƙar a ƙasan ƙullin nan na datse. Ya leƙo ya ga ɗan kututture, ya tambaya ko zai tofo. Na rantse masa zai tofo, kuma ban yi kaffara ba.

Rassan na kai su gidan yayana a Paikon Kore, inda na koma. Na soka su a gwangwanayen madara, yawancinsu suka bushe, kaɗan suka kama. Da furen farko ya buɗe na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Bara na je Nyanya suna. Ba hanyata ba ce, amma na bi ta layin. Abin ya tofo kam. Ya wuce tagar, ya kama waya, kore shar, ƙaya zaƙo-zaƙo, ba fure ko na rantsuwa. Maƙwabciyata ta dā ta raɗa mini cewa ya yaga wa amarya mayafi, tana so a sare, Oga ya hana, wai ya sha ganin furensa da idonsa, lokaci ne bai yi ba. Kullum sai ya sa mai garuwa ya juye masa jarka.

Oga ya fito da sandarsa, ya tsufa, muka gaisa. Ya tambaye ni me nake zuba masa a dā, me ya rage.

Na tsaya na ƙare wa ƙayar kallo, raina fes.

“Ba abin da ya rage, Oga,” na ce. “Ka dai ci gaba da ba shi ruwa.”